Ranar da Na Wanke Akwatin Hadi

Ƙanena Hadi mai gyaran rediyo ne a Birnin Kudu, kusa da tasha. Shekara talatin da wani abu ya yi a rumfa ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka bai iya aikinsa ba, ka ce masa ni Abdulsalami na ce ƙarya yake yi.

Mu mutanen Maruta ne, a ƙasar Gwaram, kuma gidanmu gidan karatu ne tun kakanni. Mahaifinmu, wanda jama'a ke kira Malam Sulaimanu, shi ke yin tafsiri a ƙofar gida duk azumi bayan la'asar. Daga garin Sara ma ana zuwa, wasu a jaki, wasu a ƙafa. Mu biyu ne 'ya'yansa maza. Ni na riƙe littafi har na zama mai ja masa baƙi, ni in karanta aya, shi ya fassara. Hadi ma ya sauke Alƙur'ani lafiya lau, ba daƙiƙi ba ne ko kaɗan, amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya kwance fitilar mahaifiyarmu Dada, ya kwance kwaɗon ɗaki, har agogon aljihun wani baƙo ya taɓa kwancewa yana barcin rana. Abin haushin shi ne duk abin da ya kwance sai ya mayar, kuma ya fi da aiki.

Shekarar da aka sami mulkin kai aka kawo rediyo gidan dagaci. Gari duka ya taru a gabanta ana saurare, Hadi shi kaɗai ya zagaya bayanta yana leƙe. Ba a yi shekara ba ya tattara ya tafi Kano koyon gyara. Malam bai yi masa baki ba, bai ma ɗaga murya ba. Abin da ya yi ya fi wannan ciwo. In aka tambaye shi ina Hadi, sai ya ce, "Yana can yana taɓe-taɓe." Ko bayan Hadi ya dawo ya kafa rumfarsa a Birnin Kudu, ya yi aure, ma'aikata da malaman makaranta suna layi da rediyoyinsu a gabansa, sunan sana'arsa a bakin Malam bai sauya ba. Duk Salla zai zo da turmin yadi da sukari, ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya ce Allah ya yi albarka, sannan ya juyo gare ni mu ci gaba da maganar littafi. Abu ɗaya Hadi yake nema a duniya, Malam ya buɗe baki sau ɗaya ya ce yaron nan ya san wani abu.

A azumin 1974 muryar Malam ta fara tafiya. Ilimin yana nan daram, kan nan garau, amma maƙogwaro ya gaji. Sahun gaba ne kawai ke ji. Na baya sai "Me ya ce? Me ya ce?" har su gaji su tashi. Kafin goman ƙarshe rabin mutanen sun daina zuwa. Lokacin kuma kuɗin fetur sun fara shigowa, samari sun sayi ƙananan rediyoyi, suna zaune a gindin bishiya suna jin tafsirin birni. Hadi ya zo mana kwana uku a azumin nan, kuma kullum a sahun ƙarshe yake zama. Ya ga abin da ke faruwa da idonsa.

Bayan kaka na je Birnin Kudu ranar kasuwa, na leƙa rumfarsa. Sai na tarar da wani baƙin akwati a kan teburinsa, tsayinsa ya kai gwiwa, gabansa an lulluɓe da wani yadi mai raga, samansa duk tabon wutar sigari da zoben gindin kwalba.

Na ce, "Wannan fa, gawar mece ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, amfilifaya ce. Ta masu kaɗa jita ce, mutanen Kudu. Yanzu kuɗi sun zo, sun sayi sabbi marasa nauyi, sun jefar da wannan. In ka sa mata makirfo, mai raɗa ma sai an ji shi a bakin kasuwa."

"To kai jita za ka fara kaɗawa?"

"Ta Malam ce," in ji shi. "Azumi mai zuwa har na sahun ƙarshe sai ya ji."

Na duba inda yake jingine kekensa, babu keke. Ashe shi ya sayar ya je Sabon Gari ya ɗauko wannan abin a kan mota. Na ce masa wallahi ba ka da hankali, mutum ya rabu da keke mai tafiya ya sayi akwatin da ko tari ba ya yi. Ya ce in ba shi wata shida.

Wata takwas ya ɗauka. Duk zuwan da na yi sai na tarar da cikin akwatin a zazzage a kan tebur. Ɓeraye sun ci wayoyin, sun ma haihu a ciki. A bayansa akwai wasu kwalabe biyar na gilashi, 'yan dogaye, waɗanda in wuta ta shige su suke yin ja su ɗau zafi, kuma Hadi ya ce su ne ran abin. Biyu sun mutu. Ɗaya ya samo a Kano, ɗayar kuwa sai da ya bi wani tsohon direban motar majigi har gida, ya ciro ta daga wani mataccen inji da ke bayan ɗakinsa. Takardar lasifikar ta yage, ya liƙe ta da ƙaro da siririyar takarda, a hankali, yana riƙe numfashi. Babu lantarki a rumfarsa. A kan gawayi yake gasa ƙarfen da yake narka dalma da shi, yana fifita da murfin kwano. In zai gwada, sai ya ɗora akwatin a ka ya kai gidan wani malamin gona mai injin wuta. Sau ɗaya wutar da ta kwana a cikin abin ta fizge shi ta maka da bango, ya yi kwana biyu hannunsa na rawa. Matarsa Jummai ta ce mini, "Yaya Malam, ka yi masa magana, wannan akwatin zai kashe mini miji." Na yi masa, ya ce to, ya ci gaba.

A tsakiyar Sha'aban ya aiko a kira ni. Muka je gidan malamin gonan, aka ta da inji, Hadi ya murɗa wani abu. Shiru. Na fara shirya abin da zan tsokane shi da shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, Yaya, sai ta yi ɗumi. Ba a yi mata gaggawa." Kwalaben suka yi ja a hankali. Ya miƙo mini makirfo ya ce in ja aya ɗaya.

Kai! Ban taɓa jin muryata haka ba. Ta fito cike, mai kauri, ba ƙara ba tsatsa, har matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Hadi ya tsuguna a gefe yana murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na ji wani abu kuma a ƙasan daɗin, wanda sai daga baya na yarda in kira shi da sunansa, kishi: ranar farko ta azumi, ba ni za a kalla ba.

Muna nan akwatin ya ɗau zafi, sai wani wari ya fara tashi daga katakon, tsami-tsami. Na shinshina, na dube shi.

"Hadi, warin mene ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce masu jitar a wani otal suke wasa, kuma a ɗakin ajiyar kwalaben otal ɗin ya samo shi. Shekara da shekaru mashaya suna ɗora kwalabensu a kai, tana zuba tana shiga katako.

"Giya?" na ce. "Akwatin da ya sha giya za ka ajiye a gaban Malam, a ja Alƙur'ani a ciki?"

"Na goge, Yaya, na kankare, na sa a rana. Katako ne kawai ya riƙe wari. Don Allah kada Malam ya ji. In ya ji, ya ƙare."

Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Dada ce ta shawo kan Malam ya yarda a gwada. Kwana uku tana bi, kafin ya ce, "To, ya kawo mu gani."

Saura kwana biyu azumi Hadi ya kawo akwatin Maruta, ya ajiye a zaurena ya rufe da zane. Daga nan ya wuce Gwaram wajen wani ɗan kwangila, Alhaji Manu, wanda ya yi alkawarin ara masa ƙaramin injin wuta. Hadi ya ce mini sai ranar ɗaya ga wata zai dawo, tare da injin.

Na zauna da akwatin nan a zaure, ni da shi. Ina tunani: in ya yi zafi a gaban jama'a warin nan ya tashi fa? A sahun gaba akwai tsofaffin da suka yi yawon duniya, sun san warin. Kafin magariba labari ya kai Sara, an ce a gidan Malam Sulaimanu da kayan mashaya ake tafsiri. Ni kuma na karanta, na san hukuncin. Giya najasa ce, kuma najasa ba gogewa ke kawar da ita ba, ba rana ba. Ruwa mai tsarki ake kwarara mata har ya fita bai sauya launi ba. Haka muke yi wa tabarma, haka muke yi wa buzu da akushi. Abin da na koya ke nan tun ina ƙarami, kuma abin da nake koya wa mutane ke nan.

Na fito da akwatin tsakar gida na ɗora a kan turmi. Na yi bisimilla na fara kwarara. Ruwan farko ya fito baƙi ƙirin, na ce ka gani, ashe da gaskiyata. Na kwarara ta sama, na kwarara ta raga, na juya bayansa na kwarara a kan kwalaben da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke gefensu. Tulu uku na ƙarar kafin ruwan ya fito fari. Wallahi a lokacin ina ganin alheri nake yi wa ƙanena. Ko kuwa dai haka na gaya wa kaina, don ban jira ya dawo na tambaye shi ba, alhali kwana biyu ne kacal.

Azumin shekarar a ƙarshen damina ya faɗo. Na shanya akwatin, ba a jima ba hadari ya haɗo, na mayar da shi zaure. Kashegari ma rana ba ta fito sosai ba. Na taɓa jikinsa na ji ya bushe, na mayar da zanen na rufe.

Ranar ɗaya ga wata Hadi ya iso ana kiran la'asar, shi da injin a bayan wata akori-kura, duk ya yi gumi ga azumi a bakinsa. Labari ya riga ya bazu. Ban taɓa ganin taro irin na ranar a ƙofar gidanmu ba, har waɗanda suka gudu bara sun dawo, mata sun cika soro. Babu lokacin gwaji. Hadi ya ja injin can nesa don kada ƙararsa ta dami karatu, ya ja waya, ya ajiye akwatin a gefen buzun Malam, ya durƙusa ya gyara masa makirfo daidai bakinsa. Malam ya dube shi, kallon da ban taɓa ganin ya yi masa ba, ya ce, "A nan zan yi magana?" Hadi ya ce, "A nan, Malam. Kada ka ɗaga murya, yadda ka saba."

Ya murɗa. Kwalaben suka fara ja. Na buɗe Alƙur'ani na yi a'uziyya. Sai akwatin ya yi wani gurnani, ya yi tas-tas, sannan ya buga wata ƙara da ta sa sahun gaba suka watse. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙauri ya cika wurin. Wani tsoho ya faɗi a kan wani, ana ta salati. Da aka ga ba wanda ya ji ciwo, sai dariya ta ɓarke daga baya, irin dariyar da ba a iya tsayarwa.

Malam bai motsa daga buzunsa ba. Ya kaɗe hayaƙin da hannun riga, ya ture makirfon gefe, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Ɗauke taɓe-taɓenka, Hadi. Mutane na azumi." Wannan kam sahun gaba duk sun ji, kuma su suka kai wa na baya.

Hadi ya kashe injin, ya ɗauki akwatin ya kai zaurena. Ni ina can ina jan baƙi, bakina na karatu, hankalina na zaure. Da aka tashi na shiga na same shi ya buɗe bayan. Ya karkata akwatin, sai ga ruwa yana ɗiga daga cikin dunƙulen ƙarfen nan. Takardar lasifikar da ya liƙe da ƙaro ta saki ta yi laushi kamar ganyen da aka dafa. Ya taɓa ruwan da yatsa, ya ɗago ya dube ni. Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya mayar da bayan akwatin ya rufe. In ya yi magana, dole a ji daga inda akwatin ya fito, kuma dole a ji cewa magajin Malam, mai ja masa baƙi, ya yi wa injin lantarki wanka da tulu. Ƙani ba ya tsinka yayansa a gaban gari, haka aka tarbiyyantar da mu. Ya sha ruwa da mu, da safe ya tafi da akwatinsa.

A azumin nan mutum goma sha ne suka rage a gaban Malam. A kasuwar Gwaram kuwa an samu abin hira. In rediyon wani ya yi tari sai a ce kai wa Hadi ya ƙarasa shi. Mutanen da bara-waccan suke roƙonsa ya duba musu kaya, su ne masu wannan ba'ar. Ina ji, ina wucewa.

Kana tsammani ya haƙura? Ina! Dunƙulen ƙarfen nan, taransifoma, shi ne ya ƙone, kuma ya zaga Kano bai samu irinsa ba. Sai ya kwance shi da hannu. Siririyar waya ce a ciki kamar gashi, an naɗa ta dubbai. Ya warware yana ƙirga naɗin yana zana a bango da gawayi, ya sayo sabuwar waya ya sake naɗawa ɗaya bayan ɗaya. Rani guda ya ƙare a kan wannan. Jummai ta ce idonsa tun daga lokacin bai koma daidai ba.

Farkon damina sai ga shi a Maruta da akwatin, da injin aro. Wannan karon ba taro, ba sanarwa. Malam yana zaure a kishingiɗe, jiki ya yi rauni, ni ina gefensa da littafi. Hadi ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam, na gyara. Na gwada sau bakwai a Birnin Kudu. Ba sai an tara kowa ba, mu uku kawai. Kalma ɗaya za ka faɗa a ciki ka ji."

Malam ya dubi akwatin. Sannan ya ce, "An gwada an gani, Hadi. Ka tara mini gari ka ba ni kunya."

"Ba daga aikina ba ne, Malam."

"To daga ina ne?"

Hadi ya ɗago kai. Ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba fushi a ciki, roƙo ne. Malam ma ya juyo.

"Abdulsalami, a zaurenka abin ya kwana. Kai me ka gani?"

Ga ƙofa a buɗe, ba kowa sai mu uku, ba gari ba kasuwa. Kalma biyar ta isa. Amma shekara arba'in Malam yana kallona a matsayin ɗan da ba ya kuskure, kuma na ji ba zan iya sauka daga wurin nan ba ko na minti ɗaya. Na dubi littafin da ke cinyata na ce, "Abin da Malam ya gani shi na gani."

Hadi ya ce, "To." Ya yi wa Malam sallama yadda ya saba, ya naɗe wayarsa, ya ɗora akwatin a ka. Na bi shi har waje ina cewa ya tsaya ya ci abinci. Ya ce, "Koma, Yaya, Malam na jiran karatu."

Malam bai ga azumin shekarar ba. Ya rasu a watan Rajab, da hantsi, kansa a kan cinyata. Hadi ya zo, shi ya shiga kabari tare da ni muka karɓe shi. Kashegari da masu gaisuwa suka ragu, na ja shi bayan gida wajen rumbu. Na kwana ina shirya maganar, amma da na buɗe baki sai ta fito a guntule.

"Hadi, ka yafe mini. Ruwan nan, ni na zuba."

Ya dube ni da jajayen idanunsa. "Na sani, Yaya. Tun ranar na sani."

"To ka yafe mini."

"Ni ka zo gaya wa?" in ji shi, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Wanda ya kamata ya ji, jiya muka rufe shi."

Ya sa takalmansa ya koma zaure wajen baƙi.